Yadda ake amfani da matacin haske wajen kallon taurari a cikin gari

Fitilun titi su ne babbar matsalar mai kallon taurari a gari. Haskensu na watsuwa sama, sararin ya yi fari-fari, duk abu mai raunin haske ya ɓace. Matacin haske ɗan gilashi ne da ake murɗawa a gindin gilashin leƙawa na na'urar hangen nesa. Ba ya ƙara wa komai haske. Aikinsa ya tare na fitilu, sama ta yi duhu, abin da kake nema ya fito fili.

Da farko, fita da dare ka dubi launin fitilun da ke kewaye da kai. In ruwan lemo ne, na sodiyam ne, mafi yawan haskensu na kusa da nanomita 589 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, kowane launi da lambarsa), mataci zai tare shi cikin sauƙi. In farare ne na LED, haskensu ya haɗa kowane launi, matacin da ake kira CLS, mai faɗi, wato mai barin launuka da yawa su wuce, ba zai tsinana maka abin kirki ba.

Sai ka san abin da za ka kalla, nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Nebula, wato gajimaren gas mai haskawa da kansa, mafi yawan haskenta da ido ke gani na fitowa a 'yan launuka ƙalilan: nanomita 486 na haidurojin, 496 da 501 na oksijin. Matacin da ake kira UHC yana barin ukun nan su wuce ya tare yawancin sauran, wanda ake kira OIII kuwa biyun oksijin kawai yake bari. Da UHC, nebulolin da ake kira M42 da M8 da M27 suna fitowa sarai. Nebular Veil, wadda sau da yawa ba a ganin ko alamarta daga gari, OIII kan fito da ita kamar zaren hayaƙi. Amma tarin taurarin Andromeda da kuma Kaza da 'Ya'yanta hasken taurari ne, mataci dusashe su zai yi. In ɗaya za ka saya, ni dai UHC zan ce.

Duba girman gilashin leƙawarka, inci 1.25 ne ko 2, ka sayi daidai shi.

Daren kallo, zaɓi lokacin da babu wata, ka bar idonka ya saba da duhu na minti 20 zuwa 30, ban da duba waya. Fara da gilashi mai ƙaramin ƙarfin girmamawa, ka nemo abin ba mataci, sannan ka ɗaura. Lulluɓe kanka da baƙin ƙyalle, domin fuskar matacin tana mayar da hasken gefe cikin idonka.

Kada ka kuskura ka kalli rana da shi. Ba don rana aka yi shi ba, zai iya makantar da kai nan take.