Kurakurai wajen nazarin littattafan matan Ingila da aka manta

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar duk macen da ta riƙi alƙalami a Ingila a ƙarni na 19 a matsayin 'yar gwagwarmayar 'yancin mata. Ina! Mary Ward, wadda ta rubuta Robert Elsmere a 1888, tana cikin jagororin ƙungiyar da aka kafa a 1908 don hana mata jefa ƙuri'a. Kada a ɗinka mata rigar da ba tata ba. A nemo abin da ta faɗa da bakinta, sannan a auna shi da yadda matan labarinta suke rayuwa.

Sai karatu ba tare da sanin dokar zamanin ba, kuma nan ne asara ta fi yawa. A cikin The Tenant of Wildfell Hall na Anne Brontë, na 1848, Helen ta gudu da ɗanta daga hannun miji mashayi, tana zane tana sayarwa. Mai karatun yau sai ya ce yaji ta yi. Alhali a lokacin duk abin da matar aure ta samu da guminta na miji ne, sai a 1870 doka ta fara sauya hakan, ɗan kuma uba ne mai iko da shi. Shi ya sa ranar da mijin ya gano shirinta, ya ƙwace kuɗinta, ya watsa kayan zanenta cikin wuta, babu alƙalin da zai ce ya yi laifi. Dole dokokin 1839 (riƙon 'ya'ya) da 1857 (sakin aure) da 1882 (dukiyar matar aure) su kasance a gefenka kana karatu. Abin takaici, yayar marubuciyar, Charlotte, ce da kanta ta hana sake buga littafin bayan rasuwar Anne a 1849.

Wasu kuma da ƙarshen labari suke yanke hukunci: an hukunta jaruma, ke nan marubuciya na bayan maza. Sun manta kasuwa. Littafi mai juzu'i uku sule 31 da sisi yake, ya fi ƙarfin talaka, sai dai haya a shagon Mudie, wanda ba ya karɓar abin da yake ganin ya saɓa tarbiyya. A Lady Audley's Secret na 1862, marubuciyar, Mary Elizabeth Braddon, ta kai jarumarta gidan mahaukata a Beljiyam. Koma tsakiyar littafin, ka tsaya a kan babukan da matar take da wayo da iko, ka ga wa marubuciyar ta fi ba wa murya.