Farfelar Gaba: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gano Matsalarta da Canza Ta

Duk motar da ke ja da taya huɗu, irin su Hilux, Prado, Land Cruiser, Pajero da L200, farfela biyu gare ta, wato bututun ƙarfen nan mai juyawa da ke kai ƙarfin inji ga aksul. Ta baya kowa ya san ta, doguwa ce, ko durƙusawa ka yi ka gan ta. Ta gaba kuwa gajera ce. Ta fito daga ogzilari, akwatin nan na bayan giyabos da ke raba ƙarfin inji gaba da baya, ta bi ta gefen giyabos ta shiga aksul ɗin gaba, kuma sau da yawa farantin ƙarfen ƙasa ya rufe ta. A nan Gombe mota sai ta yi wata shida tana zirga-zirga tsakanin Tumfure da Jekadafari ba a waiwayi farfelar nan ba. Sai damina ta kankama, an nufi gona a bayan Dukku ko Nafada, ko za a hau duwatsun Tula, a sa giyar ƙafa huɗu, a ji ƙarar da ba a saba ji ba. Daga nan kashe kuɗi yake farawa, kuma mafi yawansa a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

Babban kuskure shi ne yanke hukunci da kunne kawai. Direba ya shigo gareji ya ce, "Oga, motar nan tana ƙara a gaba," oga ya ce wa yara su sauke shaf. Alhali shaf daban, farfela daban. Shaf su ne biyun da suka fito daga aksul zuwa tayoyin gaba, kowane da robarsa mai cike da giris, kuma in sun ci, kukansu sananne ne: ƙas-ƙas-ƙas idan ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana kwana. Farfela ba ruwanta da kwana. Nata alamun uku ne. Akwai bugu guda, gau, lokacin da ka tashi mota, ko ka sauya daga gaba zuwa ribas, ko ka ɗaga ƙafa daga totur ka sake takawa. Akwai ƙara siririya, ƙii-ƙii-ƙii, a tafiyar hankali, wadda ke ƙara sauri yayin da mota ke ƙara gudu, alamar kuros, mahaɗin nan mai siffar gicciye da kofuna huɗu da ke kowane bakin farfela, ya bushe ke nan. Sai karkarwar da kake ji a tafin ƙafa da ƙarƙashin kujera.

Karkarwar nan ita ta fi ruɗa mutane, shi ya sa ake ta kai mota wajen masu balansin taya ana dawowa da matsalar. Taya in ba ta daidaita ba, sitiyari ne ke rawa a hannunka, yawanci daga kilomita 80 zuwa 100 a awa. Farfela kuwa tana juyi kusan sau huɗu kafin taya ta yi ɗaya, don haka rawarta ba ta girgiza hannu, wani zuuu ne mai laushi da ke bin ƙasan mota, har madubin ciki ya riƙa dishi-dishi. Ka kuma gwada wannan: kana cikin gudun da karkarwar ta fi ƙarfi, ka ɗan saki totur, ka sake takawa. In ta sauya da nauyin da inji ke ɗora mata, zargi ya koma kan kuros. In tana nan yadda take, duba tayoyi tukuna.

Kafin ma a kai nan, akwai tambayar da ya kamata bakanike ya fara yi wa kansa, amma ba kasafai ake yin ta ba: shin farfelar gaban motar nan tana juyawa a lokacin da ake jin ƙarar? Motocin ba iri ɗaya ba ne. Hilux da L200 na aiki da Land Cruiser 79 suna tafiya da tayoyin baya ne a giyar 2H, sai an sa giyar ƙafa huɗu, wato 4H ko 4L, gaba ke karɓar ƙarfi. In motar mai makulli ce a cibiyar tayar gaba, wanda aka rubuta FREE da LOCK a jikinsa, kuma yana kan FREE, to farfelar gaba a tsaye take cik. Haka ma Hilux masu na'urar ADD, wadda ke raba aksul ɗin gaba da kanta in an koma 2H. Irin wannan mota in tana karkarwa a hanyar Kumo alhali tana 2H, farfelar gaba ba ta da laifi, ka nemi cutar a ta baya ko a taya. Amma Prado 120 da 150, da Land Cruiser 100 da 200 masu jan huɗu a kowane lokaci, farfelar gabansu ba ta hutawa, tana cikin waɗanda za a fara tuhuma. Wannan tambaya kaɗai ta isa ta hana a sayi kayan da ba a bukata.

Wani abin kuma ba lalacewa ba ce sam, rashin sanin tuƙi ne. Direba ya fito daga taɓo ya hau kwalta ya manta motar a 4H. Ya zo shataletale, mota ta riƙa cijewa tana tsalle, tayoyi suna kuka, libar giyar ƙafa huɗu ta ƙi fita. Dalili shi ne a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya, ogzilarin irin su Hilux kuma ya ɗaure gaba da baya wuri guda. A yashi ko laka taya tana ɗan zamewa ta huce, a kwalta kuwa babu inda za ta zame, sai ƙarfin ya taru a farfela da kuros. Maganinsa a tsaya, a ɗan yi ribas a miƙe, a fitar da giyar. Sa tayoyi masu bambancin girma gaba da baya shi ma haka yake yi, kuma a hankali yake cinye kuros ɗin da aka saka jiya.

In an shiga rami dubawa, nan ma ana yin kuskure. Yaro ya kama farfela ya girgiza, ya ɗago kai ya ce, "Oga, ba ta motsi, lafiya lau." To ina giyar take? In mota tana cikin giya ko tana P, nauyinta na iya ɗaure farfelar tamau, ko kuros ya mutu ba za ka ji wasa ba. A ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, a sa waigi gaba da bayan taya, a ja birkin hannu, a mayar da giya firi. Sannan ka riƙe bututun da hannu ɗaya, ka riƙe bakin da ke ɗaure da aksul da ɗaya hannun, ka murɗa su saɓanin juna, ka kuma tura sama da ƙasa. Idonka a kan kuros. Ko ɗan wasa kaɗan ka gani tsakanin kunnuwan biyu da ke riƙe da shi, ya tafi. Amma in duka biyun suna juyawa tare sannan ka ji ƙwal daga cikin aksul, wannan tazarar haƙoran aksul ce, kaɗan daga cikinta dole ne, canza farfela ba zai kawar da ita ba. Ka girgiza bakin ogzilari da na aksul su kaɗai. In suna lilo, ko mai yana tsatsafowa ta sil, boris ɗin ciki ne ya saki, kuma sabuwar farfela ma za ta yi rawa a kansa.

Rashin wasa kuma ba shaidar lafiya ba ce. Kuros yana mutuwa ta hanya biyu, ko ya saki ko ya ƙame. Wanda ruwa ya shiga, ya yi tsatsa ya ƙame, ba ya motsi ko kaɗan a jikin mota, shi ne kuma ya fi kawo karkarwa. Ka haska tocila ka duba gindin kofunan nan huɗu: jan gari mai kama da garin bulo yana nuna alluran ƙarfen da ke jere cikin kofunan sun niƙe. Tabbaci sai an sauke farfelar an lanƙwasa kowane kuros da hannu ta fuskoki biyu. Mai lafiya yana tafiya sumul, mara lafiya yana cijewa yana saki. Farfelar da ke da kuros biyu a jere a wajen ogzilari tana da ƙwallo a tsakaninsu, shi ma yana ci, kuma an cika mantawa da shi. Wasu motocin Amurka, kamar Jeep Grand Cherokee da Ford Explorer, mahaɗi mai roba ne a can ƙarshen, irin na shaf. In robar ta yage ka ga giris ya fantsama a ƙasan mota, to ƙasa ta riga ta shiga.

Akwai gwaji mai kyau, a cire farfelar gaba a zaga da mota a ji ko ƙarar ta ɗauke. A Hilux babu damuwa, a 2H za ta tafi. A Prado da 'yan uwanta dole a kulle difiranshal na tsakiya, wanda ke cikin ogzilari yana barin gaba da baya su yi gudu daban, kafin a cire, in ba haka ba ƙarfin inji zai tsere ta bakin da ba komai a jikinsa, mota ta ƙi tafiya. Abin da ya fi wannan hatsari, P ba za ta riƙe motar ba, tana iya gangarawa da mutum a ƙarƙashinta. Waigi da birkin hannu ba abin wasa ba ne a nan.

Gwajin nan ne wasu suke mayarwa magani. An cire, ƙara ta ɗauke, sai a jefa farfelar a but a ce wa mai mota ai ya huta, har ma zai rage shan mai. Wannan al'ada tana ɓata mini rai. Mutum ya biya kuɗin mota mai jan huɗu saboda hanyar ƙauyensu, an mayar masa da ita mai jan biyu, ba zai gane asarar ba sai ranar da ya kafe a rafi cikin watan Agusta da mara lafiya a mota. Hilux da ke 2H da ma can ba ta juya farfelar da ƙarfin inji, ina man da za a rage? Prado kuwa an ƙera ta ne gaba da baya su raba nauyi, in aka ɗora duka a baya da difiranshal a kulle wata da watanni, riƙon hanyarta ya sauya, kayan baya kuma su ɗauki abin da ya fi nasu.

Wajen saukewa, minti ɗaya ake ƙyashi. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a sa alama da fenti ko a ɗan sara da ƙusa a bakin farfela da abokin haɗinsa, gaba da baya. Haka ma inda farfelar ke zugewa ciki da waje. In aka zare ta biyu aka mayar ba bisa haƙoranta na asali ba, kunnuwan gaba da na baya sun daina kallon fuska ɗaya, sai ka ga an saka sabon kuros amma karkarwa ta fi ta da, gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ƙananan ƙarafan da aka like a jikin bututun na daidaita nauyi ne daga kamfani, ba datti ba ne da za a kankare. Kada a matse bututun a bais, kada a dake shi da guduma, lotsawa kaɗan ta isa ta lalata shi.

Saka kuros aikin haƙuri ne. A matsa kofunan da bais ko firas, a tabbata allura ko ɗaya ba ta kwanta a gindin kofi ba. In zoben makulli ya ƙi shiga raminsa, kusan kullum allura ce ta faɗi, a fito da kofin a gyara. Abin da ake yi a wasu wuraren, a doke shi da ƙarfi ko a kira mai walda ya ɗiga wuta a kan kofin, shi ke ƙona giris da robar ciki tun kafin mota ta bar gareji, kuma an kashe farfelar ke nan, ba za ta sake karɓar kuros da kyau ba.

In bututun ya lanƙwashe ko haƙoran zugewa sun cinye, sai sabuwa ko 'yar Beljiyam. Kada a saya da sunan mota kawai. Mai otomatik da mai giyar hannu, mai fetur da mai dizal, tsawonsu na iya bambanta. A tafi da tsohuwar, a jera su a ƙasa, a gwada tsawo da ramukan noti, a lanƙwasa kuros ɗinta kamar yadda aka yi wa taka, don ita ma ta yi shekaru a wata ƙasa. A goge tsatsar fuskokin haɗin har su kwanta daidai. Kusoshin farfela na musamman ne, masu tauri, in ɗaya ya ɓata kada a cike gurbinsa da na kasuwa. A ɗaure su bi da bi a gicciye. A yawancin Toyota ƙarfin ɗaurin yana tsakanin 74 da 88 N·m, gwargwadon samfurin motar, kuma sifana mai awo ce ke faɗin haka, ba ƙarfin damtsen yaro ba. Farfelar da ta kwance cikin gudu tana iya fasa giyabos ko ogzilari.

Giris kuma iri biyu ake kuskure a kansa. Kuros ana bari ya bushe, alhali shi ake so a matsa masa har sabon giris ya leƙo ta kofuna huɗun duka, ya turo tsohon waje. Wajen zugewa kuwa ana cika shi fiye da kima, giris ya toshe, farfela ta kasa shigewa, ta riƙa tokarin boris ɗin ogzilari. Matsa kaɗan ya isa, da ka ga ta fara miƙewa ka tsaya. Toyota ta ce giris na lithium mai lamba NLGI 2, mai moly kuma ga mahaɗin nan mai kuros biyu. A yi shi duk lokacin juyen baƙin mai, da kuma duk ranar da mota ta tsallaka ruwa ko ta kwana cikin laka. Littafin motocin Toyota masu 2H ya kuma ce a riƙa tafiya da giyar ƙafa huɗu aƙalla kilomita 16 a wata don mai ya zaga kayan gaba. A yi wannan a hanyar ƙasa, ko da rani ne, kuma in motar mai makullin cibiya ce a tuna a murɗa duka biyun zuwa LOCK kafin a tashi.