Darasi na 7: Kula da Haƙora a Wurin Sana'a

Babban mutum yana da haƙora 32. Na yaro 20 ne, idan ya yi famfara wasu su fito. Na babba kuwa, wanda ya fita ya fita ke nan.

Yawancinmu da sassafe muke barin gida, sai magariba mu dawo. A Zariya, mai shago a kasuwar Sabon Gari, tela a Tudun Wada, ɗan acaba mai jigila tsakanin Kwangila da Samaru, da mai tuwo-tuwo a bakin tasha, duk a waje suke wuni. A wajen ake karyawa, a ci na rana, a taɓa ɗan abin marmari. To a wannan wunin ne haƙori yake lalacewa, buroshi kuma yana can gida.

Yadda kogo yake samuwa

Ka sa farce ka kankari gindin haƙorinka da yamma. Za ka ga wani farin datti mai danƙo. A cikinsa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Abincinsu sukari. Da zarar ka sha abu mai zaƙi, cikin 'yan mintuna za su mayar da sukarin wani ruwa mai tsami, tsamin nan shi ke cin jikin haƙori. Yawu yana wanke tsamin, amma yana bukatar kamar minti 30 zuwa awa guda kafin baki ya koma daidai.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Wanda ya shanye kofin shayinsa a zama ɗaya, sau ɗaya tsami ya taɓa haƙoransa. Wanda ya ajiye kofin a gefen keken ɗinki yana kurɓa kaɗan-kaɗan tun hantsi har azahar, bai bar wa yawu lokacin aiki ba ko kaɗan. Haka mai tsotsar alawa ko mazarƙwaila saboda barci, da mai lemon kwalba a aljihun babur, da mai shan rake gaɓa-gaɓa yana jiran ciniki. Ba a ce ka daina shan zaƙi ba. Ka haɗa shi da abinci, ka gama a zama guda, ka bi da ruwa.

Abin da za ka iya yi a bakin aiki

Bayan kowane cin abinci ka cika baki da ruwa mai tsabta, ka kurkure sosai, ka zubar. Ba ya cin kuɗi, ba ya cin lokaci. A lokacin hunturu da kwanakin zafi baki yana bushewa, yawu ya ragu, wari ya taso, don haka a yawaita shan ruwa.

Mai sallah yana da sauƙi, domin azahar da la'asar duk a wurin aiki suke samunsa. Annabi (SAW) ya kwaɗaitar da yin asuwaki a kowace sallah. Ka riƙe naka a aljihu, ka tauna bakinsa ya yi laushi, ka bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, har turame na can ƙurya. Mutane da yawa na gaba kawai suke gogewa, alhali kogo ya fi kama turame. Idan bakin asuwakin ya tsufa, a yanke. A bar shi ya sha iska, kada a ƙulle shi a leda da danshi.

Idan nama ya maƙale, a yi sakace da tsinke mai tsabta a hankali. Allura, ƙusa da reza suna yanka dasashi. Tela ya yanke zare da almakashi, bakanike ya nemi mabuɗi ya buɗe kwalba. Masu cin goro su kurkure bayan sun gama, tun kafin jan ya zauna.

Duk wannan ƙari ne a kan goge baki da buroshi da man da ke da fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori), safe da dare, minti 2 kowane lokaci. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa idan an yi barci. A sauya buroshi bayan wata 3.

Idan ciwo ya zo

Jini a asuwaki alama ce ta datti a gindin haƙori. A ci gaba da gogewa a hankali. Idan ya kai mako 2 bai tsaya ba, ko kumatu ya kumbura, ko haƙori yana girgiɗi, a ga likitan haƙori. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Don Allah kada a ɗiga ruwan batir a kogo, kada a danna ƙwayar asfirin a dasashi. Duka biyun ƙona naman baki suke yi, ciwon kuma yana nan. Mai ciwon suga ya ƙara kula, dasashinsa ya fi saurin kamuwa.

Aikin gida

1. Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka: haƙori, dasashi, asuwaki, yawu, kogo.
2. Gobe ka ƙirga sau nawa ka sa abu mai zaƙi a baki daga fitarka zuwa dawowarka. Rubuta adadin, ka zo da shi aji.
3. Tela biyu sun sha shayi kofi ɗaya-ɗaya. Ɗaya ya shanye nan take, ɗaya ya kai azahar yana kurɓa. Haƙoran wa suka fi shan wahala, kuma don me?