Yadda manhajarka za ta karanta kalandar wayar Android

Tun daga Android 4.0, ƙofar shiga kalandar waya ita ce CalendarContract.

1. Buɗe fayil ɗin AndroidManifest.xml, inda manhaja ke bayyana izinin da take buƙata, ka sa izinin READ_CALENDAR. In har da rubuta taro a ciki kake so, haɗa da WRITE_CALENDAR.

2. Wannan kaɗai bai wadatar ba. Tun zuwan Android 6.0, dole ka nemi yardar mai waya yana cikin amfani da manhajar. Bari sai ya taɓa abin da ke buƙatar kalandar tukuna; wanda ka tare da roƙo tun daga sallama, yawanci ƙi yake yi.

3. Nemi bayanan ta ContentResolver, wato ɗan aiken da ke ɗauko wa manhaja bayanai daga ma'ajin waya, amma daga teburin Instances, ba Events ba. Nan sababbin hannu ke tuntuɓe. Taron da ake yi kowace Juma'a layi ɗaya ne tak a Events. Instances ne ke warware shi mako-mako. Sai dai ka faɗa masa farko da ƙarshen lokacin da kake nema, a milisakan, ƙirge daga 1 ga Janairu 1970.

4. Kada ka yi wannan aikin a babban zaren manhaja (main thread), wato wanda ke tafiyar da allo; in ka yi, allo zai daskare. Da ka gama, rufe Cursor, wato abin da ke riƙe da sakamakon da ContentResolver ya dawo maka da shi.