Idan Injin Huɗa Ya Ƙi Tashi: Bi Hanyar Mai Kafin Ka Kwance Kafireta

Manyan taraktoci irin su Massey Ferguson da muke haya lokacin kaftu dizal suke sha, ba su da kafireta, wato abin da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Maganata a kan ƙaramin injin huɗa ne na hannu mai shan fetur, irin wanda nake aiki da shi a gonata ta rani a wajen Kadawa. Kansa samfurin Honda GX200 ne, ɗan'uwan GX160 da ke jikin yawancin injinan ban ruwa, don haka gyaransu ɗaya ne.

Shekarar da na saye shi, wata safiya cikin hunturu ya yi minti goma yana aiki, sai ya mutu. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Na ɗora shi a amalanke zuwa wurin mai gyara, ashe ɗan ramin da ke murfin tanki ne ƙura ta toshe, iska ba ta shiga, mai ba ya sauka. Wuni guda na yi asara, ga dashen tumatir yana jira. Tun ranar nake bin mai daga sama zuwa ƙasa.

Ka fara da tanki. Sassauta murfin ka ja igiya. In ya tashi, ka gano ɓarawon. Ka leƙa man inji kuma, domin da yawa cikin injinan nan suna ɗauke wutar fulogi da kansu idan baƙin mai ya yi ƙasa.

Sai ka rufe makunnin mai. A ƙarƙashinsa akwai ɗan ƙoƙo da ke tare datti, sifana mai lamba 10 ke kwance shi. Juye abin da ke ciki a murfin kwalba mai tsabta ka duba da kyau. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya dunƙule a ƙasa kamar ƙwayar ido. Wanda ke sayen mai a galan a bakin titi zai riƙa gamuwa da wannan. In ka ga ruwa ko jar tsatsa, zubar da na tankin gaba ɗaya, kada ka yi ƙyashi. Buɗe makunnin ka gani: mai ya kamata ya zubo sosai, ba ɗiso-ɗiso ba.

In duk wannan lafiya, to yanzu ne za a taɓa kafireta, kuma inji ya huce tukuna, ba taba, ba wuta a kusa. Shi injin yakan faɗi ciwonsa. Wanda ba ya aiki sai an rufe cok (makunnin da ke rage iska), babban jet ne ya toshe, wato ɗan sukurun mai huji da mai ke bi a cikin kafireta. Wanda ke hawa yana sauka kamar mai haki, ƙaramin jet ne. Wanda ke baƙin hayaƙi ko zubar da mai ta baki, ko dai sosan tace iska ya cika da ƙura, ko allurar da ke tsayar da mai ba ta rufewa.

Shimfiɗa farin buhu a ƙasa, don abin da ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan. Sake rufe makunnin mai, ka kwance notin da ke gindin kofin kafireta, ka sauke shi a hankali kada robar bakinsa ta tsinke. Zare ɗan ƙarfen da ke riƙe da farar robar da ke yawo a kan mai. Allurar za ta biyo ta. Duba bakin allurar, in ya yi zobe, sauya ta. Babban jet yana cikin bututun tsakiya, sukundireba mai faɗin baki wadda ta zauna daidai ke fito da shi, domin tagulla ce, ba ta jure dagulawa. Bayansa wani siririn bututu mai ƙananan huji zai faɗo.

Nan ne mutane ke ɓata inji. Na sha ganin ana soka allurar ɗinki ko wayar birki a cikin jet. Ramin zai buɗe ya wuce ƙa'ida, inji ya koma zuƙar mai, fulogi ya riƙa yin baƙi, kuma ramin ba ya komawa yadda yake. Ni sili ɗaya nake zarewa daga wayar lantarki, jan ƙarfe mai laushi, in bi kowane huji da shi, in wanke da fetur mai tsabta, in hura da famfon keke. Sai in ɗaga jet ɗin sama: in na hango hasken rana a zagaye cif, ya fita. Ƙaramin jet baƙar roba ce a saman kafireta, ƙarƙashin sukurun da ke daidaita silo; ƙirga juyi nawa ka yi wajen kwance sukurun, ka mayar da shi haka.

Wajen mayarwa kada ka ɗaure notin kofi da ƙarfin tsiya. Buɗe mai, jira minti ɗaya kofin ya cika, ka shafa gindinsa da yatsa ko yana yoyo, sannan ka ja.

Idan aikin rani ya ƙare za ka ajiye shi, rufe makunnin mai yana cikin aiki har ya mutu da kansa, ka kwance ɗan notin gefen kofi sauran ya tsiyaye. Fetur da ya yi watanni a ciki shi ke daskarewa ya zama wannan ƙaron mai wari da ke toshe jet.