Kurakuran da ake tafkawa kan firi-amfilifaya a kayan sauti na gida

Na gaji da ganin mutum ya zuba kuɗi ya sayo firi-amfilifaya don kawai mai shago ya ce sauti zai ƙara daɗi. Dubi amfilifayar ɗakinka tukuna. In tana da maɓallin ƙara murya da na zaɓar CD, AUX ko rediyo, to firi-amfilifaya na cikinta tun daga kamfani. Aikinta ke nan: zaɓar na'urar da za a saurara, da daidaita ƙarfin sauti kafin ya isa sashen da ke tura lasifika. Ɗora wata a kai, sau da yawa ƙarin "shuuu" kawai za ka samu.

Wanda ya fi ƙona min rai akasin wannan ne. Fawa-amfilifaya zalla, wato mai tura lasifika kawai ba firi-amfilifaya a ciki, irin manyan nan na gwanjo, da yawansu ba su da maɓallin murya sam. Na taɓa jona na'urar CD kai tsaye a irinta. Na'urar CD na fitar da kusan bolt 2 na lantarki, alhali amfilifaya da yawa ba sa buƙatar ko hakan kafin su kai ƙarshen ƙarfinsu. Waƙa na tashi, ƙananan lasifikan nan masu siririyar murya suka ƙone nan take, kuɗin gyara ya haura na firi-amfilifayar da na ƙi saya. Don Allah, wane irin ganganci ne mutum ya saki ƙarfi haka ba linzami? Wasu na cewa rage murya daga waya ko kwamfuta ya wadatar. Ni ban yarda ba. Yaro ya taɓa allo sau ɗaya, murya ta kai ƙarshe, shi ke nan. A gidana dole akwai maɓallin da hannu ke murɗawa kafin fawa-amfilifaya.

Sai masu garmaho. Allurar da aka fi amfani da ita ba ta fitar da abin da ya wuce milibolt 3 zuwa 5, kuma tun wajen yanka faifai ake rage kaurin sauti a ƙara siririnsa, bisa ma'aunin RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, na 1954. Ka jona a AUX, sai ka ji murya can ƙasa, ba ganga ba nauyi, ka ɗora wa faifai laifi. Ramin PHONO kake buƙata, wanda ke ɗaga muryar ya maido da kaurin, ko ƙaramar firi-amfilifaya ta garmaho. In garmahonka irin Audio-Technica AT-LP60 ne mai tasa a ciki, mayar da makunnin baya kan LINE ka jona a AUX.

CD a ramin PHONO kuwa, sauti zai farfashe.

Kana jin gurnani a lasifika? Ɗaura siririyar wayar garmaho a kusoshin GND da ke bayan amfilifaya.

Wajen kunnawa, fawa-amfilifaya ce ta ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko. Da an ɗauke wuta nakan kashe ta, kada a dawo da wutar ta buga wa lasifika "dum".