Darasi: Sunan Idris a Ƙasar Wales

Duk Bahaushen da ya ji an kira Idris zai ɗauka ɗan Musulmi ne, domin sunan Annabi Idrisu ne, wanda Alƙur'ani ya ambata a Suratu Maryam da Suratul Anbiya. To, amma a Wales, ƙasar da ke yammacin Ingila a cikin Birtaniya, akwai wani Idris ɗin da ake raɗa wa 'ya'ya maza tun kaka da kakanni, kuma ba shi da wata alaƙa da Larabci. Furuci da rubutu ne kawai suka zo ɗaya.

Masana harshen Wales sun ce sunan ya fito ne daga tsofaffin kalmomi biyu, ɗaya tana nufin ubangida ko shugaba, ɗayar kuma tana nufin zafin nama, saboda haka ake fassara shi da shugaba mai himma. Tsohon kundin tarihin ƙasar ya ambaci kashe wani Idris a shekarar 632, wanda ake ganin sarki ne a yankin Meirionnydd.

Abin da ya fi raya sunan shi ne wani dutse da ke kusa da garin Dolgellau, mai tsawon mita 893, wanda ake kira Cadair Idris, wato Kujerar Idris. A tatsuniyar mutanen wurin, Idris wani ƙato ne da yake zama a kan dutsen yana nazarin taurari, kuma suna cewa duk wanda ya kwana a can shi kaɗai, to zai wayi gari ko dai mawaƙi ko kuma mahaukaci. Ban ga laifin iyayen da suka so sunan irin wannan gwarzo ga ɗansu ba.

Sunan ya sake bazuwa daga ƙarni na 19, lokacin da mutanen Wales suka koma ga sunayensu na gargajiya. Cikin waɗanda suka amsa shi akwai Idris Davies, mawaƙin da aka haifa a garin Rhymney a 1905, wanda ya fara aiki a ramin haƙar kwal tun yana yaro kafin ya zama malamin makaranta. A yau a Birtaniya, yaro mai suna Idris yana iya zama ɗan Wales, yana iya zama ɗan Musulmi.

Yanzu ɗauki alƙalaminka. Rubuta Idris, ka fara da babban harafi, domin sunan mutum ne. Lura da cewa mutanen Wales suna ɗora ƙarfin murya a gaɓar farko, su haɗe d da r, mu kuwa harshenmu yakan saka wasali a tsakani, mu ce I-di-ri-su, ko mu gajarta zuwa Idi. Rubuta ukun a layi ɗaya, sannan ka ƙirga gaɓoɓin kowanne da ƙarfi.